Shafin intanet ba ginin soro ba ne

Ran 1 ga watan Oktoba na shekarar 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe HealthCare.gov, shafin da aka tanadar wa jama'a domin rajistar inshorar lafiya. Miliyoyin mutane suka yi masa ca, amma a ranar farko mutum 6 kacal suka samu yin rajista. Kamfanoni barkatai ne suka yi aikin, kowa da sashensa, kuma ba a haɗa sassan an gwada su gaba ɗaya ba sai ana saura mako 2 a buɗe.

Wannan ita ce tsohuwar hanyar rubuta manhajar kwamfuta: a tsara komi a takarda, a gina, gwaji ya zo daga ƙarshe. Ta dace da bulo da siminti, domin ba a sake harsashi bayan an yi rufi. Shafin intanet kuwa, buƙatun masu amfani da shi kan sake kafin a kammala shi.

Tun watan Fabrairu na 2001 wasu masana 17 suka taru a Snowbird, cikin jihar Utah ta Amurka, suka fitar da ƙa'idojin da ake kira Agile. Hanyar da ta fi yaɗuwa a cikinsu ita ce Scrum, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Ana yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace kada ta wuce wata guda. Ma'aikatan kan haɗu kullum na minti 15. In wa'adi ya cika, a nuna wa mai aikin abin da ke tafiya, ya ce a gyara ko a ci gaba.

Da irin wannan tafiya aka ceto shafin na Amurka. Aka ɗauko ƙwararru kaɗan, suna taro kowace rana, suna fara gyara abin da ya fi cutar jama'a. Cikin wata 2 shafin ya koma yi wa mafi yawan mutane aiki.

Amma hanyar tana da sharaɗi: tilas mai aikin ya zauna kusa, da ikon yanke shawara. Saboda haka ma'aikacin da zai sa hannu kan kwangila, da ɗan kasuwar da zai biya a yi masa shafi, kada su yarda da rahoton takarda. Su ɗaura kowane biya a kan sashen da suka gwada da hannunsu. Gani ya kori ji.