SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SHIGA

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya daina aika gyara ga tsarin nan na kwamfuta mai suna Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. Watakila mai karatu a Bodinga ko Shagari ya ce, ina ruwan biri da gada? To, a ganinmu akwai ruwansa ƙwarai. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, mutanen garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal sun koyi biyan kuɗin albasa da na tumaki ta waya, albashin ma'aikata kuwa ta kwamfuta yake bi. Dukiyar da a da ake ƙullewa a lalita, yanzu tana cikin na'ura. Wajibi ne mu san inda bangonta yake tsagewa.

Ko wace waya ko kwamfuta tana da wani tsari da ke tafiyar da ita, a tsakiyarsa kuma akwai wani sashe da masana ke kira kanel, watau zuciyar tsarin. Shi ke mulkin kome. A cikinsa akwai masu tsaron ƙofa, su ne ke karɓar duk saƙon da ya iso ta intanet ko ta Bluetooth. Wahalar ita ce, tilas mai tsaron ƙofa ya buɗe saƙo ya duba kafin ya san ko na masoyi ne ko na maƙiyi.

Yawancin waɗannan sassa an rubuta su ne da harshen C, wanda aka ƙago a farkon shekarun 1970. Harshe ne mai sauri, amma ba ya hana marubuci kuskure. Misali, an tanadi ƙwarya mai cin mudu ɗaya a ma'ajiyar na'ura, sai ɓarawo ya aiko da mudu biyu da gangan. In marubucin ya manta bai sa a auna ba, rarar sai ta zube cikin ƙwaryar da ke kusa, wadda a ciki na'ura ke ajiye umurnin abin da za ta yi gaba. Shi ke nan, baƙo ya zama maigida. Wani kuskuren kuma shi ne a sallami ɗaki a ba wani, alhali mai ɗakin na farko yana riƙe da mabuɗi. A 2019 Microsoft da kansa ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na raunin da yake gyarawa ko wace shekara irin wannan ne.

An kuwa ga ɓarnarsa. Ran 12 ga Mayu, 2017, wata cuta mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan tsaga a Windows, ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, ta kulle abin da ke ciki sai an biya fansa. A Ingila asibitoci suka yi ta mai da marasa lafiya gida. Abin lura, Microsoft ya fid da maganin tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci, galibi waɗanda ba su sa maganin ba ne.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na watan Satumba na wannan shekara ta 2017, sa'ad da kamfanin Armis ya bayyana raunin da ya sa wa suna BlueBorne. Ɗaya daga cikin tsagogin yana cikin kanel na Linux, wanda a kansa aka gina Android, tsarin yawancin wayoyin da ke hannun jama'armu. Ba sai mai waya ya taɓa kome ba. Muddin Bluetooth yana kunne, wanda ke kusa da shi da 'yan taku kaɗan yana iya shiga. Wanda ya san yadda ake cinkoso ranar kasuwa, da yadda wayoyi ke kwana jere a shagon caji, ya san abin da muke nufi. Google ya fid da gyara, amma gyaran sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar, tsofaffin wayoyi da yawa kuwa bai taɓa isa gare su ba.

Nan ne maganar ta fi shafar talaka. Masana sun kama hanyar magance abin daga tushe. Akwai sabon harshe, Rust, wanda ba ya yarda a zuba abin da ya fi ƙarfin ƙwarya, an kuwa fara karɓarsa cikin kanel na Linux a Disamba 2022. Google ya ce rabon irin wannan rauni a Android ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa 24 a 2024. Amma wannan alheri sabuwar waya yake samu. Manomin da ya sayi ta hannu, wadda ta shekara shida, yana nan da tsohon bangonsa.

Saboda haka shawararmu uku ce. Na farko, ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, da makarantu da asibitocin da ke ƙarƙashinsu, su ƙidaya kwamfutocinsu, su san wadda har yanzu ke samun gyara da wadda aka yaye. In za a sayi sabuwa, a tambayi shekara nawa za ta yi tana samun gyara kafin a tambayi kuɗinta. Na biyu, hukumomin NITDA da NCC su riƙa fid da gargaɗinsu da Hausa da Fulatanci ta rediyo, don gargaɗin da aka rubuta da Turanci a Abuja ba ya isa Sifawa ko Dancadi. Na uku, jama'a, in waya ta ce a sabunta ta, kada a ƙi don tsoron cin data, a kuma kashe Bluetooth in ba a aiki da shi.

Ba mu ce a ji tsoron na'ura ba, don amfaninta ya bayyana ga kowa. Amma mai gida na gari tun rani yake yaɓe, ba ya jira sai hadari ya haɗo. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a, amin.