Ba Kowane Amai Ne Ciki Ba



Akwai fitowar da muka rubuta har ita kanta ta gaji da mu. Amarya na zaune, ƙamshin miya ya bugi hancinta, ta toshe baki ta ruga banɗaki. Uwar miji ta yi murmushi, uwargida ta haɗe rai, mai karatu kuwa tun kafin a je asibiti ya san sakamakon. A littattafanmu mace ba ta amai sai da ciki, in ba ciki ba ne to barbaɗe aka yi mata a abinci. Wannan makon bari mu ɗauko wani aman daban, wanda ke biyo bayan tiyatar rage ƙiba, mu ga irin labarin da muke bari yana wuce mu.

Kada mu haɗa ta da tiyatar kwalliya ta zuƙe kitse, irin wadda Stella Obasanjo ta rasu bayan an yi mata a ƙasar Sifen a watan Oktoban 2005. Wannan a tumbi ake yin ta, galibi ga wanda ƙibarsa ta jawo masa ciwon suga, hawan jini ko ciwon gwiwa. A wani nau'in ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin, a bar siriri kamar ayaba. A wani kuma ana ware 'yar jaka da ba ta fi girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da hanji. Masu hali kan tafi Legas, Indiya, Masar ko Turkiyya, a yi musu, su dawo gida likitan yana can wata duniya.

To a nan labarin yake. Mu ɗauka jarumarmu 'yar Ɗankaza ce ta ƙasar Wudil, tana aure a Kano, aka kawo ta gida jinya wurin mahaifiyarta. A wajenmu ma'aunin samun sauƙi ɗaya ne, duk wanda ya zo dubiya shi zai tambaya: "Ta dai ci abinci ko?" Inna ta tuƙa tuwo mai laushi, gwaggo ta aiko da fura ta sha nono da suga, maƙwabta sun kawo lemon kwalba. Ta kai loma biyu ta ture kwanon. "Daure ki ƙara, 'yar nan, ai abinci ne magani." Ta daure ta ƙara don kada ran Inna ya ɓaci. Kafin a ɗauke kwanon ta dawo da shi duka.

Ba mugu a ɗakin nan, kowa ƙauna ce ta kawo shi, amma duk abin da aka ajiye mata ya saɓa wa sabon cikinta. Tsarin da likitoci ke bayarwa shi ne makonni kamar biyu na farko ruwa-ruwa zalla, sannan abin da aka markaɗa, sannan mai laushi, sai wajen mako shida zuwa takwas a fara taɓa abinci sosai. Cokali kaɗan, tauna mai yawa, a hankali. Ba a haɗa ci da sha, sai an bar kamar rabin awa a tsakani, mu kuwa wa ya taɓa cin tuwo babu moɗar ruwa a gefe? Lemo mai gas kumbura ɗan tumbin yake yi. Zaƙi kuma, musamman ga wanda aka haɗa wa jaka da hanji, yakan zuba cikin hanjin gaba ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 sai tashin zuciya, gumi, jiri, bugun ƙirji da gudawa. Ku tsaya ku dubi alamomin nan da idon tsohuwar ƙauye. Wace ce ba za ta ce iska ko sammu ba?

Wannan aman gyara ci yana maganinsa. Akwai wanda ba ya jira. In ya ƙi tsayawa har ko kurɓin ruwa ba ya zama, jiki kan bushe, kuma yana iya zama hanyar ce ta tsuke ko gyambo ya fito. Zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani da zuciya mai gudu a kwanakin farko na iya nufin ɗinkin yana yoyo. Sannan bitamin B1 da jiki ke ajiyewa bai fi na mako biyu zuwa uku ba. Mai amai kullum in ya ƙare masa, sai ruɗewa, tangaɗi a tafiya, ido yana rawa, kuma in an makara lahanin ƙwaƙwalwar kan zauna. Daga Wudil zuwa Asibitin Malam Aminu Kano kimanin kilomita 40 ne. Iyalin da suka kwana uku suna hayaƙi da rubutu kafin su yarda su nemi mota, ai ga babi guda nan da ba ya buƙatar boka ko kishiya.

Mun san wani zai ce cutar masu kuɗi ce, ina ruwan Ɗankaza? Da gaskiyarsa ta wani gefen, mu da muka taso inda ƙiba alamar hutu ce, inda 'yan mata ke haɗiyar sha-ka-fashe kafin biki. Amma wannan ma riba ce ga mai alƙalami: macen da ta biya miliyoyi don ta rame, ta dawo garin da ake kallon ramar a matsayin wahalar gidan miji. Kuma mu daina yaudarar kanmu, mata da yawa a wayoyinsu daga labaranmu suke ɗaukar abin da suka sani game da jikinsu. In muka rubuta cewa Inna ta ba ta kwalbar lemo ta warware, wata za ta gwada. In muka sa ta sha ƙwayar ciwon jiki irin su ibuprofen daga kemis, mun ba ta abin da likitoci ke hana masu irin wannan tiyata saboda gyambo.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai ya saka ciki a labarinsa, ga shi nan ma. Raguwar ƙiba kan buɗe wa wasu mata haihuwa bayan dogon jira, amma likitoci na cewa a dakata wata 12 zuwa 18, saboda jikin da ke zubar da nauyi bai shirya ciyar da biyu ba. Ku sa jarumar ta fara amai a wata na huɗu bayan tiyatar, shekara tara tana neman haihuwa. Uwar miji ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, ita kuwa tana ɗaki riƙe da takardar likitan da ya ce mata ta jira.