Wa Ke Biyan La'adar Dillali?

Kowane falke ya sani dillali yakan karkata ga wanda ke ba shi la'ada. Haka sha'anin kamfanonin intanet yake game da asirin jama'a.

Facebook ba ya karɓar ko anini daga mai buɗe shafi. Kusan dukan kuɗin da yake samu daga masu talla yake, su kuwa abin da suke biya shi ne sanin mutum, watau shekarunsa da garinsu da abin da ransa ke so. Ashe mai talla ne mai sayayya, asirin mutane kuwa shi ne haja. Wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Cikin shekarar 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan dala biliyan 19, ya shaida wa hukumar Tarayyar Turai ba shi da hanya tabbatacciya ta haɗa lambar wayar mutum da shafinsa. A 2016 sai ga shi ya haɗa, aka ci shi tarar yuro miliyan 110 a 2017. Sa'an nan a 2018 ya bayyana kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutum wajen miliyan 87. Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019, alhali abin da ya samu a shekarar ya haura biliyan 70. Tarar da ba ta kai riba ba, kamar kuɗin rumfa take ga attajiri.

Apple kuwa, da yake sayar da waya ne babban cinikinsa, a 2021 ya wajabta wa manhajoji neman iznin mutum kafin su bi sawunsa. Facebook ya ce wannan zai rage masa kamar dala biliyan 10 a 2022. Amma kada a ɗauka tsantsar amana ce, domin shari'a a Amurka ta nuna Google, mai cin abinci da talla, ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 don ya zama shi ne wurin bincike a wayoyinsa.

A 2024 hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya ta yanke wa Meta, uwar Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda sarrafa bayanan 'yan ƙasa ba da yardarsu ba. Lalle kamfani ba ya riƙe asiri sai tona shi ya fi riƙe shi hasara. Saboda haka mai hankali, kafin ya danƙa wa manhaja lambobin abokan cinikinsa ko na almajiransa, sai ya fara binciken wanda ke biyan la'ada.