Giyar distiributa: kamshaf ne ke zaɓa maka ita, ba hoton da ka gani a waya ba

Wanda ya taɓa sayen caja mai arha ya san yadda abin yake. Bakinta ya shiga wayar daidai, fitila ta kawo, bayan wata biyu batir ya kumbura. Irin wannan tarkon yana nan a duniyar injin mota, sai dai a can asarar ba ta tsaya a kan batir. Masu bin bidiyon gyaran tsofaffin motocin Amurka a YouTube da TikTok sun saba ganin an ɗora sabuwar distiributa mai sheƙi a kan injin V8 na Chevrolet ko Ford, an tayar, an yi tafi. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne 'yar giyar da ke gindinta, wadda ba ta fi kwalbar turare girma ba, alhali ita ce ke iya kashe injin gaba ɗaya.

Distiributa ita ce mai raba wuta zuwa fulogogi, kowane a lokacinsa. A injinan nan kamshaf ne ke juya ta: akwai haƙora a jikinsa da ke cizon haƙoran giyarta. Sandar distiributar kuma ita ce ke juya famfon baƙin mai daga ƙasa. Ke nan haƙoran suna ɗauke da aiki biyu, kuma na famfon ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Idan suka cinye, taimin zai fara yawo, garin ƙarfe ya bi mai ya zaga ko'ina cikin injin.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana: ba a zaɓen wannan giya da farashi, ba a zaɓenta da sunan kamfanin distiributa, ba a kuma neman wadda ta fi ƙarfi. Abin da aka ƙera kamshaf da shi ne kaɗai ke yanke hukunci.

Tsofaffin kamshaf ƙarfen zubi ne, kuma giyar ƙarfen zubi ce abokiyar zamansu. Da kamfanoni suka koma kamshaf mai rola, wanda galibi ake yi da sitil, sai lissafi ya canza. Ford ta sa irinsa a injin 5.0 na Mustang GT a 1985, ta haɗa shi da giyar sitil. Chevrolet ta bi sahu a 1987. To ga inda mutane ke faɗawa rami: distiributar injin 302 na shekarun 1970 za ta zauna daram a cikin 5.0 mai rola, ba abin da zai nuna maka akwai matsala. Amma kamshaf ɗin sitil zai riƙa gugar giyar zubin har ta ƙare. Idan kuma aka juya, aka sa giyar sitil mai tauri a kan kamshaf na zubi, wannan ya fi muni, domin yanzu kamshaf ɗin ne ake ci. Giya minti kaɗan ake canza ta. Kamshaf kuwa sai an kwance gaban injin da samansa.

Daga nan ne masu tsere suka ɗauko tagulla. Tana da laushi, ba ta yi wa kowane irin kamshaf illa, ita ce ke ƙarewa a madadinsa. Dabara ce mai kyau ga motar da ake buɗewa a duba bayan kowane 'yan tsere. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake tallata ta a intanet kamar maganin kowace cuta. An yi ta ne don ta cinye, kuma abin da ta zubar cikin mai yake tafiya. Mai motar hawa ta yau da kullum, wanda ba zai riƙa zare distiributa yana duba haƙora ba, ya sayi wa kansa aiki ne kawai. Idan ya ƙara da famfon mai na musamman mai tura mai da yawa, nauyin kan haƙoran ya ƙaru, tagullar ta ƙara saurin tafiya.

Masu kare tagulla za su ce ai gara giya ta mutu da kamshaf ya mutu. Gaskiya ne, da a ce zaɓin biyu ne kacal. Akwai giyar da aka yi wa melonayiz, wato an tsoma ta cikin narkakken gishiri mai zafi har fatarta ta yi tauri da santsi, irin wadda GM ke sa wa injinanta masu rola tun daga masana'anta. Akwai kuma ta roba mai ƙarfi da aka gauraya da zaren kabon, wadda Comp Cams ke sayarwa. Tana da tsada, amma ba ta zubar da garin ƙarfe. Wasu masu ƙera kamshaf ɗin sitil ma sukan danna masa haƙoran zubi a gindi domin giyar asali ta ci gaba da aiki. Shi ya sa duban ido ba ya isa: sunan "rola" a jikin kwali bai gaya maka da me aka yi haƙoran ba.

Ba kowace mota ce abin ya shafa ba. Tsofaffin Honda Accord da Civic da suka cika titunanmu distiributarsu a ƙarshen kamshaf take maƙale da 'yar tsaga, babu giya sam. Sababbin motoci kuwa sun daina amfani da distiributa, kwamfuta ce ke ba kowane fulogi wuta. Amma ɗabi'ar sayen kaya da hoto ta shafe mu duka, daga mai odar sikirin har mai odar kayan injin.

Kafin ka danna biya, nemo lambar kamshaf ɗin, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka karanta giyar da suka ce a yi amfani da ita. Sannan ka sa bakanike ya auna kaurin sandar distiributar. Ta Chevrolet ta asali inci 0.491 ce, ta MSD kuma 0.500, kuma a hoton waya ba mai iya bambance su.