A Bar Yaro Ya Ƙera Jirginsa

Yau muna so mu yi magana da iyaye, tun ba malaman makaranta da akawuna ba, a kan wani abu wanda da yawa za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba, watau jirgin saman da yara kan yi da takarda. Abin da aka saba shi ne, in uba ya komo daga aiki ya tarad da ɗansa yana ninke takarda yana cillawa, sai ya daka masa tsawa, ya ce ya bar shiririta ya ɗauki littafi. A ganinmu wannan kuskure ne. Abin da ya kamata uban ya yi shi ne ya jawo tabarma ya zauna kusa da yaron.

Ga dalilinmu. Cikin 1878, a ƙasar Amurka, wani limamin Kirista, sunansa Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa biyu tsaraba. Wani ɗan abin wasa ne na takarda da gora, da zaren roba wanda in an murɗe shi an saki, sai farfela ta juya abin ya tashi sama. Sa'an nan Wilbur yana da shekara 11, ƙanensa Orville kuwa wajen 7. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sai suka zauna suka ƙera nasu. Ba wanda ya hana su. Uwarsu ma, da yake 'yar maƙerin keken doki ce, ita ke ba su shawara in aiki ya cije.

Da suka girma suka buɗe shagon keke a garin Dayton cikin 1892. Cikin 1901 suka yi wani akwati wanda ake hura iska cikinsa, suka jarraba ƙananan fikafikai wajen 200 don su ga wanda ya fi. Ran 17 ga Disamba, 1903, jirginsu mai inji ya tashi da Orville, ya yi tafiyar ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12. Su da kansu sun faɗa cewa daga tsarabar nan sha'awar ta soma. Shekara 22 bayan haka, cikin Nuwamba 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano.

Ba mu ce kowane yaro zai zama kamar waɗannan ba. Amma a dubi abin da ke cikin takardar nan guda. In goshin jirgin ya yi nauyi da yawa, sai ya kifa ƙasa. In ya rasa nauyi, sai ya ɗaga kai ya tsaya cak ya faɗo. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya faɗi, sai ya karkace. In an ɗan tanƙwara bayan fikafikan sama, sai goshin ya ɗagu. Ashe yaron da ke gyara waɗannan abubuwa yana koyon awo, da daidaito, da haƙuri, da kuma neman dalilin abu, wanda shi ne tushen ilmin ƙere-ƙere duka.

To, amma akwai inda iyaye masu kyakkyawar niyya kan ɓata. Uba ya ga jirgin ɗansa ya faɗi sau uku, sai ya karɓe takardar ya ninke da kansa. Jirgi ya tashi, amma na uban ne, yaro kuwa ya koyi cewa shi ba ya iyawa. Taimakon da ya dace ɗan kaɗan ne. A ba shi takarda, a riƙe masa gefe, a tambaye shi, "Me kake tsammani ya kā da shi?" Sa'an nan a yi shiru a jira amsa. Uwa ma tana iya wannan, kuma ba sai wanda ya yi makaranta ba.

Wani zai ce ai yara za su riƙa yage littattafansu. Gaskiya ne, amma maganinsa da sauƙi: a tara musu tsofaffin jaridu da kwali, ga kuma karan dawa wanda tun kaka da kakanni yaranmu ke yin wasa da shi. Wani kuma zai ce lokacin karatu ne ake ci. Rabin sa'a bayan La'asar ba ya kā da yaro jarrabawa.

Abin da muke tsoro shi ne al'adar nan ta raina aikin hannu wadda ta kama masu ilmin boko, har wasu na ganin ɗan malami bai kamata ya riƙe kome ba sai alƙalami. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa a Zariya. Wa zai cika ta, in mun hana 'ya'yanmu taɓa kome tun suna ƙanana? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon malamai su ware darasi guda a yi gasar jirgin takarda a fili, yara su auna nisan da kowane ya yi da taku, su rubuta, su faɗi dalili. Iyaye kuwa, ran da aka ga yaro da takarda a hannu, a zauna tare da shi. Allah ya shirya mana zuriya.