NAZARI: Yadda kwalbar giya ta zama tutar siyasa a Amurka

A 2023, kamfanin Anheuser-Busch, reshen AB InBev mai hedikwata a Beljiyam, ya aika wa Dylan Mulvaney gwangwanin giyar Bud Light mai ɗauke da hoton fuskarta. Mulvaney ta yi suna ne a TikTok, inda take bayar da labarin sauya jinsinta daga namiji zuwa mace. A farkon watan Afrilu ta nuna gwangwanin a wani gajeren bidiyo a Instagram, kuma ko kasuwa ba a kai irinsa ba. Cikin kwanaki kaɗan mawaƙi Kid Rock ya fitar da nasa bidiyon yana buɗe wa katan-katan na giyar wuta da bindiga, sannan masu ra'ayin riƙau suka yi shelar ƙaurace mata.

Kafin a shiga tsakiyar shekarar, Bud Light ta rasa kambun da ta riƙe fiye da shekara 20 na giyar da aka fi saye a Amurka. Modelo Especial, wadda ake dafawa a Meziko, ita ta hau kujerar. A watanni ukun da suka biyo bayan bidiyon, kuɗin shigar kamfanin a Amurka ya ragu da kashi 10.5 cikin ɗari.

Mai karatu wanda bai taɓa kusantar mashaya ba zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Sai dai abin da ya faru da Bud Light ya buɗe wata ƙofa da ake iya leƙa siyasar zamani ta cikinta: yadda abin da mutum ke saye ya zama shaidar ɓangaren da yake, da yadda masu neman ƙuri'a da ma gwamnatocin ƙasashe suke cin moriyar wannan shaida.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tun a zaɓen 2004, masu tsara yaƙin neman zaɓen George W. Bush sun riƙa sayen bayanan cinikin jama'a domin gano masu goyon bayansu gida-gida. Daga cikin abubuwan da aka ruwaito sun lura da su akwai cewa masu shan giyar Coors da wiskin bourbon sun fi karkata ga jam'iyyar Republican, masu shan barasar cognac kuma ga Democrat.

Kimanin shekara goma bayan haka, wani kamfanin tallan siyasa mai alaƙa da Republican, National Media Research, Planning and Placement, ya fitar da nazarin da ya yi tashe a jaridun ƙasar. Nazarin ya ce 'yan Democrat sun fi son barasa mai fari kamar ruwa, irin su vodkar Absolut da Grey Goose, 'yan Republican kuma mai duhun launi, irin su Jim Beam da Wild Turkey. Ya kuma ce masu shan giyar inabi, ko ma wace jam'iyya suke, sun fi fita kaɗa ƙuri'a.

Amma hoton ba ya tsayawa daidai idan aka sauya ma'auni. A 2013 masana tattalin arziki biyu, Pavel Yakovlev da Walter Guessford, sun bi diddigin jihohin Amurka na tsawon fiye da rabin ƙarni. Sun gano cewa duk lokacin da jiha ta ƙara karkata ga sassaucin ra'ayi, shan giya da barasa mai ƙarfi kan ƙaru, shan giyar inabi kuma ya ragu. Wannan ya saɓa wa hoton da aka saba zanawa na ɗan boko mai sassaucin ra'ayi riƙe da kofin inabi.

Sai kuma ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 2025, wadda ta ce kashi 54 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne ke shan barasa, mafi ƙaranci tun da cibiyar ta fara yin tambayar a 1939. A tsakanin 'yan Republican adadin ya sauka zuwa kashi 46, na 'yan Democrat kuwa yana kan kashi 61. Ke nan babban bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu a yau ya fara komawa kan ko mutum yana sha ma ko ba ya sha.

Tsohuwar gaba ce

Barasa ta shiga siyasar Amurka tun ƙasar tana jaririya. A 1791 sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya sa aka ɗora haraji kan wiski. Manoman yammacin Pennsylvania, waɗanda ke mayar da hatsinsu wiski saboda ya fi sauƙin kai wa kasuwa, suka yi bore, har shugaba George Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000 a 1794 domin kwantar da shi. Gwamnatin Thomas Jefferson ce ta soke harajin a 1802.

Haramcin barasa na 1920 zuwa 1933 ma yana da fuskar siyasa. Ƙarfin masu neman haramcin ya fito ne daga Kiristocin Furotesta na ƙauyuka da ƙananan garuruwa, waɗanda suka fi jin zafinsa kuwa baƙin haure ne na manyan birane, musamman 'yan asalin Ireland da Jamus da Italiya, da yawansu mabiya ɗariƙar Katolika. A 1928 ɗan takarar Democrat, Al Smith, ɗan Katolika mai adawa da haramcin, ya sha kaye a hannun Herbert Hoover. Shekara huɗu bayan nan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe da alƙawarin soke dokar, aka kuma soke ta a Disambar 1933.

Ita kanta ƙauracewa ba masu ra'ayin riƙau ne suka ƙirƙiro ta ba. A 1977 ma'aikatan kamfanin Coors a jihar Colorado suka shiga yajin aiki, babbar ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO ta kira a ƙaurace wa giyar, aka kuma shafe shekara goma ana yi. Iyalan Coors sun shahara da tallafa wa masu ra'ayin riƙau, kuma kuɗin Joseph Coors ne ya taimaka aka kafa cibiyar Heritage Foundation a 1973. Duniya juyi-juyi: a 2023 Coors Light na cikin waɗanda suka kwashi cinikin da Bud Light ta rasa.

Kofi a hannun ɗan takara

Masu sharhi a Amurka sun daɗe suna raba 'yan takarar Democrat gida biyu: na layin inabi, wato masu farin jini a wajen 'yan boko da masu hali, da na layin giya, masu farin jini a wajen leburori. A 2008 Hillary Clinton ta kurɓi wiski a wata mashaya a jihar Indiana a gaban kyamarori, a daidai lokacin da take zargin Barack Obama da nisa da talaka. A muhawarar Disambar 2019 Elizabeth Warren ta caccaki Pete Buttigieg kan liyafar tara kuɗi da ya halarta a wani kogon ajiye giyar inabi na attajirai a California. A Birtaniya, Nigel Farage ya mayar da kofin giya a mashaya tamkar tambarin siyasarsa.

Abin lura shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka ci zaɓe ba sa sha. Bush ya daina a 1986. Donald Trump ya ce bai taɓa sha ba, yana danganta hakan da yayansa Fred wanda shaye-shaye ya yi ajalinsa a 1981. Joe Biden ma ba ya sha. A zaɓen 2020, manyan 'yan takara biyu babu mai kusantar kwalba. Abin da mai zaɓe yake nema a kofin shi ne alamar cewa ɗan takara nasu ne.

Me ke ƙarƙashin alaƙar?

Babu wata hujja da ta nuna cewa wiski na sa mutum ya zama mai ra'ayin riƙau. Abubuwan da ke tsara ɗanɗano su ne dai ke tsara ƙuri'a. Na farko shi ne wuri: kusan kashi 95 cikin ɗari na bourbon a Kentucky ake yinsa, jihar da ta zaɓi ɗan takarar Republican a kowane zaɓen shugaban ƙasa tun 2000, yayin da mafi yawan giyar inabin Amurka daga California take fitowa, cibiyar Democrat. Na biyu addini: mabiya cocin Baptis na kudu da mabiya ɗariƙar Mormon a Utah suna ƙyamar barasa, kuma ginshiƙai ne na Republican. Na uku ilimi da samu: masu digiri sun fi shan inabi, kuma a shekarun nan sun fi komawa Democrat. Na huɗu launin fata: cognac na da babbar kasuwa a tsakanin baƙaƙen fata, waɗanda mafi rinjayensu ke zaɓen Democrat.

Wannan ne ya sa Bud Light ta ji jiki. Kaso mai yawa na masu sayenta maza ne na ƙananan garuruwa, kuma a gefenta a kan kanta akwai giya iri-iri masu kusan ɗanɗano da farashi ɗaya. Ƙaurace mata bai ɗora wa kowa wahala ba. Da kamfanin ya janye jiki daga Mulvaney, sai ɗaya ɓangaren ma ya fusata, ya zama ba tsuntsu ba tarko.

Daga mashaya zuwa yaƙin kasuwanci

Gwamnatocin waje sun karanta wannan taswira da kyau. A 2018, da Trump ya ɗora haraji kan ƙarafa, Tarayyar Turai ta rama da harajin kashi 25 cikin ɗari kan wiskin Amurka, sanin cewa Kentucky ce jihar Mitch McConnell, jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa a lokacin. A Maris ɗin 2025 lardunan Kanada, ciki har da Ontario, suka kwashe barasar Amurka daga kantunan gwamnati. Shugaban Brown-Forman, kamfanin da ke yin Jack Daniel's, ya ce matakin ya fi haraji muni. A watan Afrilu, sanatocin Kentucky biyu, McConnell da Rand Paul, na cikin 'yan Republican huɗu da suka bi 'yan Democrat wajen kaɗa ƙuri'ar adawa da harajin da aka ɗora wa Kanada.

Ita ma Modelo siyasa ta cim mata. A 2025 kamfanin Constellation Brands, mai haƙƙin sayar da ita a Amurka, ya ce ciniki ya ja baya saboda masu asali daga Latin Amurka, waɗanda su ne kusan rabin masu sayen giyarsa, sun rage fita da taruwa don fargabar samamen jami'an shige da fice. A watan Satumba aka bayyana Michelob Ultra a matsayin wadda ta fi kasuwa. Mai ita kuwa shi ne Anheuser-Busch, kamfanin da aka ƙaurace wa a 2023.

A Najeriya ma batun ya taɓa kunno kai, ta ƙofar haraji. Bayan da babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukunci a Agustan 2021 cewa jihar Ribas na da ikon karɓar harajin VAT, masu goyon bayan hukuncin sun riƙa tambayar dalilin da jihohin da Hisbah ke fasa kwalaben giya za su ci kason harajin da aka karɓa a kanta. Masu mayar da martani daga Arewa kuma suka ce kamfanoni da yawa a Legas suke biyan harajin cinikin da suka yi a Kano da Kaduna. Muhawarar ta sake tashi a ƙarshen 2024 kan ƙudirorin gyaran haraji na shugaba Bola Tinubu. A nan ma, da sunan giya aka yi gardamar, amma abin da ake ja a kai shi ne yanki da addini da rabon arzikin ƙasa.