Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Cibiyar NIHORT kan Cutar Yaushin Tumatir

Zuwa ga shugabannin Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa (NIHORT) da ke Ibadan.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jan hankalin Cibiyar ga cutar yaushi da ke kama tumatir da tattasai da gauta da dankalin Turawa, wadda ƙwayar bakteriya mai suna Ralstonia ke haddasawa. Ƙwayar tana shiga ta saiwa, ta hayayyafa cikin jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye har ta toshe su, sai shuka ta langaɓe tana kore shar. Ƙwayar tana daɗewa a ƙasa, tana kuma bin ruwan ban-ruwa, lamarin da ya kamata ya dami duk mai tunanin noman rani a Kadawa.

Tun da masani Erwin Smith ya bayyana ƙwayar a 1896 ake ƙara gano yawan rassanta. A 2005 masana Fegan da Prior suka kasa ta gida huɗu bisa asalin ƙwayoyin gadonta: na ɗaya daga Asiya, na biyu daga nahiyar Amurka, na uku daga Afirka, na huɗu daga Indunusiya. Binciken da aka wallafa a 2009 ya sami gida uku daga cikinsu a Kamaru, maƙwabciyar da kayan gwari ke ƙetara iyakarta.

A nan ne matsalar iri take. Tumatir ɗin Hawaii 7996, wanda masu kyautata iri suka fi dogara da shi, yana da wani sashen gado mai suna Bwr-12 wanda ƙarfinsa ya fi tasiri a kan gida na ɗaya, kuma gwajin da masanan cibiyar bincike ta CIRAD suka wallafa a 2011 bai sami irin tumatir ko barkono ko gauta guda da ya gagari dukkan rassan ba. Tsananin zafi da tsutsotsin da ke kumbura saiwa su ma suna raunana juriyar. Saboda haka rubuta "mai jure cuta" a jikin ledar iri, ba tare da faɗin wane reshe aka gwada shi da shi ba, alkawari ne da manomi ke biyan kuɗinsa idan ya karye.

Abin da ya fi cancanta shi ne Cibiyar ta fara da taswirar rassan da ke ƙasar nan, jiha bayan jiha, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, sannan a gwada kowane sabon iri a gonakin da cutar ta riga ta kama. Auren tumatir a kan gindin gauta mai juriya, dabarar da Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan ta yaɗa, ya dace a jarraba shi a tashar NIHORT da ke Bagauda. Malaman gona kuwa a koya musu gwajin kofi, wato a yanke kara a tsoma cikin ruwa mai tsabta, in farin zare ya tsiyayo to bakteriya ce, kuma feshin maganin naman gwari asarar kuɗi ne.

Ana roƙon Cibiyar ta sanya wannan taswira cikin kasafinta na shekara mai zuwa, ta kuma fitar da sakamakon cikin Hausa.